Teɓar Heluma

Duk wanda ya saba bin hanyar Panshekara da sassafe ya san hanci ke riga ido isa Challawa. Warin ɗanyar fata da gishiri da ruwan jima ne ke fara tarbar mutum, kafin ya hango katangun kamfanoni da ayarin ma'aikata, wasu a keke, wasu a babur, wasu a ƙasa, kowa na sauri kada a rufe get ya rasa kuɗin yini. Cikin manyan unguwannin masana'antu uku na Kano, Bompai ce babbar yaya, tun zamanin Turawa take. Sharaɗa da Challawa daga baya aka yanka su. Ita Challawa, da ke ƙaramar hukumar Kumbotso, da jima aka fi saninta. A nan ake sarrafa fatun tumaki da na awaki, har da fatar jar akuyar Sakkwato da ta yi suna a duniya, a ɗaure a tura ƙetare. A nan kuma kamfanin da ke ɗura Coca-Cola yake da masana'anta.

A ɗaya daga cikin kamfanonin jimar nan aka yi wani mutum da kowa ke kira Heluma, har sunansa na yanka ya kusa ɓacewa a bakin mutane. Yana saurayi ya shigo a matsayin lebura. Shekara goma sha biyar ya yi yana saɓar jiƙaƙƙun fatu daga ganga zuwa injin da ke kankare kitse da ragowar nama, ya sunkuya ya miƙe, ya sunkuya ya miƙe, tun safe har la'asar. Da keke yake zuwa, da keke yake komawa. A lokacin in ya zauna gaban kwano sai ya suɗe shi ya nemi ƙari, amma jikinsa a murɗe yake, cikinsa a shafe. Abin da ya ci da rana, aiki ya cinye shi kafin magariba.

Da tsohon heluman sashen ya ajiye aiki, aka ɗora shi a gurbinsa. Aka ba shi kujera da tebur da rajista. Albashi ya ɗan motsa, ya shiga adashi ya sayi babur, keke ya koma jingine a zaure. Aikinsa ya zama duba agogo, ƙirga fatu, sa hannu a takarda, da daka wa yara tsawa in sun yi sanyin jiki. Ƙarfin da yake kashewa ya ragu nesa ba kusa ba. Cin da yake yi kuwa na leburan nan ne, ko loma bai rage ba, sai ma ƙari da aka samu, tunda yanzu aljihu na iya ɗaukar abin da a da sai dai ya kalla ya wuce.

Yana idar da Asuba zai fita, ba ya karyawa, don kafin a dama koko shi ya yi nisa. Wajen ƙarfe goma yunwa ta fara murɗa shi, sai ya aiki yaro wurin mai shayin bakin get. Mai shayin ya riga ya haddace haɗin Oga: mai kauri, madarar gwangwani, Bournvita, sukari cokali huɗu, da rabin burodi an shafe shi da bota. Da rana jiniya za ta buga a ba da hutun rabin awa, kuma a cikin rabin awar nan ne mutum zai wanke sinadari daga hannunsa, ya yi alwala, ya bi jam'in Azahar, sannan ya bi layin mai abinci. Abin da ya rage wa cin ba ya kai minti goma. Garau-garau yake saya, shinkafa tuli, wake 'yan ƙwayoyi, mai har yana kwanciya a gindin roba. A tsaye yake ci, loma na korar loma, ba tauna sai haɗiya, ya kora da lemon kwalba mai sanyi. Da la'asar, in zafin ɗakin busar da fata ya dame shi, ya ƙara wata kwalbar. Ruwa bai cika sha ba, wai ba ya kashe masa ƙishi. Ran da aka yi obataim sai goman dare zai shiga gida, ya tarar uwargida ta rufe masa tuwon shinkafa malmala uku da miyar taushe. Ya ci ya sha ya kwanta, ko minti ashirin ba a yi ba ya fara munshari. Satin da yake dutin dare kuwa, ƙarfe biyu za ka same shi gaban Indomie biyu da ƙwai uku, da shayi kofi bayan kofi don korar barci.

Cikin shekara huɗu teɓa ta fito, kuma ba abin da yake ji daga bakin mutane sai barka. "Oga, hutu ya karɓe ka." "Heluma, saura kujerar Makka." Mahaifiyarsa in ya je gaishe ta sai ta dube shi ta yi hamdala, ta ce yanzu ya zama cikakken magidanci. Shi ma yakan shafa cikin ya yi murmushi. Ban ga laifinsu ƙwarai ba. Mutanen da suka san yunwa, suka ga fari da tsadar hatsi da idonsu, dole su ɗauki ƙiba a matsayin shaidar rufin asiri. Amma wannan lissafin na zamanin da mutum ke yini a gona da fartanya ne, ya taka kasuwa da ƙafarsa. Mai zaman kujera da lemo a gefensa, lissafin cutarsa yake yi.

Suturarmu ma tana taya ɓoyo. Wando mai zariya ba ya ƙorafi: ciki ya ƙaru, a sassauta ɗauri, shi ke nan. Jamfa ta rufe, babbar riga ta binne. Mutum biyu ne kawai suka lura da wani abu. Na farko telansa, ran da ya je awon ɗinkin Sallah. Telan ya zagaya tef, ya duba, ya buɗe tsohon littafinsa ya sake dubawa, ya ce, "Oga, ka san da inci 32 na fara yi maka ɗinki? Yau 41 nake gani." Heluma ya yi dariya ya ce a ƙaro yadi, Allah ne ya buɗa. Ta biyu uwargidansa. Ta ga bayan wuyansa ya yi baƙi ƙirin, fatar ta yi kauri da sulɓi, ga wasu 'yan tsiron nama ƙanana a gefe. Ta ɗauka dattin kamfani ne, ta sayo sabon soso da sabulun salo ta ce ya riƙa dirzawa. Ya dirza har wurin ya yi zafi, baƙin bai gusa ba.

Ba inda ke masa ciwo. Abin da yake ji kawai nauyin jiki bayan cin rana, barci ya riƙa fizgarsa a kan rajista, da haki in ya hau benen ofis. Ya ce girma ne ya fara zuwa.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ya ce bari ya biya Panshekara ya gaida tsohon heluma, maigidansa da ya koya masa aiki, don ya ji an ce ba ya jin daɗi. Ya same shi a zaure a kan tabarma, ƙafar dama a miƙe an naɗe ta da bandeji. Mutumin da a da in ya yi tsawa har bakin get ake ji, ya zube, teɓar da aka san shi da ita ta koma fata. Sai da Heluma ya yi magana sannan ya shaida shi, don idon ya yi hazo.

"Baba, ashe abin ya yi tsanani haka?"

"Ciwon suga ne, ɗana. Ƙusa na taka a tsakar gida, ban ma ji ba, sai da yara suka ga jini a takalmi. Wata uku wurin bai rufe ba, ya zama gyambo. Da aka kai ni Asibitin Murtala, sai da aka cire yatsu biyu kafin a ceci ƙafar. Likita ya ce ciwon ya daɗe yana aiki a jikina, ni ina nan ina shan shayina." Ya yi shiru, ya miƙa hannu ya lalubo cikin Heluma, ya ɗan bubbuga. "Wannan irin nawa ne. Haka aka riƙa yi mini barka da shi. Ka je a duba ka tun kana da ƙafar zuwa."

Heluma ya fito jikinsa a sanyaye. Gani ga wane, in ji masu iya magana, ya ishi wane tsoron Allah. Duk da haka sai da ya yi sati biyu yana jan ƙafa, yana ce wa kansa ai shi lafiyarsa ƙalau. Ranar da ya shiga ɗan ɗakin shan maganin kamfani ma, cewa ya yi maganin ciwon kai ya zo karɓa.

Malamar jinyar, wadda ma'aikata ke kira Sista, dattijuwa ce da ta daɗe a aikin asibiti kafin ta dawo nan. Ta miƙa masa maganin, amma idonta na kan wuyansa. Ta ce ya juya. Ta duba da kyau, ta ce, "Heluma, wannan ba datti ba ne. Daga cin daren yau kada ka sake sa komai a bakinka sai ruwa har ka zo nan gobe, aƙalla awa takwas. Ko shayi kada ka kurɓa."

Washegari ta ɗora shi a sikeli: kilo 92. Ta jingina shi da bango ta auna tsayi: santimita 172. Ta ce ya ɗaga riga, ta nuna masa ƙarshen haƙarƙari da saman ƙashin ƙugu, ta zagaya tef a tsakaninsu, daidai wajen cibiya. Ya ja numfashi ya shafe cikin. Ta ce, "A'a, saki numfashinka, gaskiyar muke nema." Tef ya nuna santimita 104. Sannan ta goge masa ɗan yatsa, ta tsira allura, ta ɗiga jini a kan tsinken na'ura. Suka zuba mata ido. Ta rubuta 114.

"Suga ce ko, Sista?" Muryarsa ta canza.

"Ba ka shiga ba tukuna, amma kana bakin ƙofa. Mai lafiya in bai karya ba, ƙasa da 100 ake so a gani. Daga 126 zuwa sama, in an maimaita an sake samu, to ciwon ya kama. Tsakanin 100 da 125 shi ne inda kake: jininka ya fara riƙe sukari fiye da ƙima. A takardar wasu asibitocin 6.3 za ka gani, duk awo ɗaya ne, ma'aunin ne ya bambanta."

Ta rubuta masa takarda ya je ɗakin gwaji a ɗibi jini ta jijiya a tabbatar, har da gwajin da ke nuna yadda sukarin ya zauna a jini cikin wata biyu zuwa uku da suka wuce, wanda ake so ya tsaya ƙasa da kashi 5.7. Nasa ya dawo 6.0.

"To ni da ba na jin komai?" ya tambaya ran da ya kawo mata sakamakon.

"Haɗarin ke nan. Maigidan naka ya ji wani abu?"

Gaskiya ta faɗa. Ƙungiyar yaƙi da ciwon suga ta duniya ta ƙiyasta a 2021 cewa manya miliyan 24 ne ke ɗauke da ciwon a yankin Afirka, kuma fiye da rabinsu ba su san suna da shi ba. In mai ciwon ma bai sani ba, ina ga wanda ke kan hanya?

Sista ta ce, "Kai majemi ne, ka fi ni sanin kitse. Wanda kuke kankarewa a bayan fata daban yake. To in ka farke ragon Layya, wanda kake gani ya lulluɓe hanji, ya manne wa hanta da ƙoda fa?"

"Ai wannan kitsen ciki ne."

"To shi ne a cikin teɓar nan."

Kitsen ƙarƙashin fata, irin na cinya, ajiya ce da ba ta cika ta da hankali ba. Na cikin ciki kuwa ba zaman banza yake ba, tsiyayar da maiƙo da wasu sinadarai yake yi cikin jijiyar da ke zuwa hanta kai tsaye. Akwai wata gaɓa kwance a bayan tumbi, likitoci na ce mata fankiriyas, ita ke fitar da insulin, sinadarin da ke sa tsoka da hanta su karɓi sukari daga jini. In kitsen ciki ya yi yawa, tsoka da hanta sukan rage jin maganar insulin, sai gaɓar ta riƙa ninka abin da take fitarwa don aiki ya tafi. Yawan insulin ɗin nan ne ke sa fatar wuya da ta hamata su yi baƙi da kauri. Shekaru za ta yi tana wannan dako mutum bai sani ba, har ranar da za ta gaza. Shi ya sa tef ya fi sikeli faɗar gaskiya a nan. Namijin da zagayen cikinsa ya kai santimita 94, wato inci 37, ya shiga layin haɗari, in ya haura 102 abin ya ƙara muni. Mace kuwa daga 80 ake fara lissafi. Wanda ba shi da tef ma, Sista ta ce, ya yanki igiya daidai tsayinsa, ya ninka ta biyu, ya zagaya cikinsa. In ba ta haɗu ba, ko da siriri ne a sauran jiki, ya nemi a auna masa jini.

Daga nan ta shiga yi masa tambayoyin da ba wanda ya taɓa yi masa. Ƙarfe nawa kake karyawa? A zaune kake cin rana ko a tsaye? Minti nawa? Tsakanin tuwo da kwanciya fa? Yana amsawa tana girgiza kai. Ta ce saƙon ƙoshi ba nan take yake isa ƙwaƙwalwa ba, yakan ɗauki wajen minti ashirin, don haka mai share kwano a minti bakwai ya riga ya wuce iyakarsa kafin jiki ya ce ya isa. Wanda ya fita bai karya ba kuma, yunwa ce ke zaɓa masa abinci, kuma abin da ta fi zaɓa shi ne mai zaƙi da mai sauri. Lemo ba ya ƙosarwa, wucewa yake yi kamar ruwa, alhali kwalba mai rabin lita takan ɗauki sukari wajen gram 50. Hukumar Lafiya ta Duniya a shawararta ta 2015 ta ce kada sukarin da babba ke sha a yini ya wuce kimanin gram 50 ɗin nan, in ya tsaya a rabinsa ya fi. Shi kuwa kwalba biyu yake sha, ban da na shayi. Farar shinkafa da burodi da Indomie da sauri suke narkewa su zama sukari a jini. Wake da ganye da hatsin da ba a cire masa dusa ba a hankali suke saki. Jiki kuma da dare ba ya iya sarrafa sukari kamar yadda yake yi da safe, shi ya sa masu aikin dare suka fi shiga haɗarin ciwon.

"Ke nan na gama yawo," in ji Heluma.

"Wa ya ce? Da ka gama ai ba zan ɓata bakina ba." Ta ba shi labarin wani babban bincike da aka yi a Amurka aka fitar a 2002, kan mutum fiye da 3,000 da ke daidai inda yake. Waɗanda aka sa su gyara cin abinci, su nemi rage kashi 7 cikin 100 na nauyinsu, su riƙa motsa jiki minti 150 a mako, haɗarin kamuwarsu ya ragu da kashi 58 cikin 100. Waɗanda aka ba ƙwayar metformin, nasu ya ragu da kashi 31. "A jikinka, kilo shida da 'yan kai ke nan. Ba cewa na yi ka koma saurayi ba."

Bai bi maganarta kai tsaye ba, sai da ya yi 'yan zagaye-zagaye. Ran biyan albashi mai magani da lasifika ya kafa mota a bakin get yana shelar maganin suga sha yanzu magani yanzu. Heluma ya sayi jarka guda na wani ruwa mai ɗaci, ya kwana biyu yana zarya ban ɗaki. Wani ya ce masa zuma ba ta da illa, ya koma tuttula ta a shayi, har Sista ta gaya masa ita ma sukari ce a wajen jini. Sai ya yi zuciya ya daina cin rana gaba ɗaya. Kwana uku jiri ya kusa kayar da shi kusa da inji, da dare kuma ya ci malmala huɗu.

Uwargida ce ta kama bakin zaren. Da ya zaunar da ita ya yi mata bayani, har da maganar wuyan, ta yi shiru, can ta ce, "Malam, ai ni nake tuƙa tuwon. Bar mini wannan." Ta koma tace gasara tun dare, kafin ya dawo masallaci ta dama koko ba sukari, ga alale ko ƙosai kaɗan. Ran obataim ta zuba masa abincin dare a ɗan kwano ya tafi da shi, ya ci bayan Magariba a can, in ya dawo sai dai ruwa. Tuwon shinkafa ya koma na Juma'a. Sauran kwanaki na dawa ne, malmala ɗaya da rabi, miyar kuka ko kuɓewa da yawa, ga kwaɗon zogale da ƙuli-ƙuli a gefe. Kuɗin kwalba biyun nan na kullum su suka riƙa sayen wake da gyaɗa da yalo.

A bakin get ma ya sauya. Ya ce wa mai abinci, "Hajiya, juya mini shi: wake da yawa, shinkafa kaɗan, mai cokali ɗaya, ki zuba salak." Ta ce sai ya ƙara kuɗi, ya ƙara. Ya nemi benci ya zauna, yana ajiye cokali tsakanin loma da loma. Mai shayi da ya ji an ce ruwan bunu da sukari cokali ɗaya, da kansa ya taso ya zo. "Oga, ko wani laifi na yi?" Ya ce ba laifinsa, likita ne ya sa. Ya samo gora ya riƙa cika ta da ruwa. Ya ciro keke daga zaure, aka sa masa sabuwar taya, kwana uku a mako da shi yake zuwa. Bayan Isha ya taka zuwa bakin titi ya dawo. Satin Babbar Sallah ya saki jiki da soyayyen nama da lemo, ya ji kunyar tef, ya sake ɗaura ɗamara.

Abin da ya fi yunwa wuya bakin mutane ne. Da teɓa ta fara sauka, kumatu suka ragu, masu yi masa barka suka koma yi masa sannu. "Heluma, lafiya kuwa? Ka rame." Wasu suka ce bashi ne ya yi masa katutu, wasu suka ce sammu aka yi masa saboda kujera, wasu har suka fara raɗa mummunan ciwo. Ranar da ya je gaida mahaifiyarsa tare da uwargida, tsohuwar ta kalle shi sama da ƙasa, ta juya ta kalli surukarta.

"Ke, abinci ne ba kya ba shi, ko me?"

Uwargida ta sunkuyar da kai, hawaye ya zubo. Matar da ke tashi tun kafin kiran sallar farko saboda kokonsa, ita ake tuhuma da barin miji da yunwa. Heluma ya matsa kusa ya durƙusa.

"Inna, ba laifinta. Ita ce ma ke ƙoƙarin ceto na." Ya kwashe komai ya gaya mata: ƙafar maigidansa, awon jini, kitsen ciki, da abin da ciwon ke yi in ya kama, yawan fitsari da ƙishin da ba ya yankewa da rama bayan ƙiba.

Tsohuwa ta daɗe ba ta ce uffan ba. Can ta ce, "Haka mahaifinku ya yi. Buta a gefensa dare da rana, ya sha ruwa ya fita, ya sha ya fita. Mutum mai jiki ya tsotse muna kallo. Mu muka ce jifa ne, muka yi ta karɓo rubutu da turare." Ta share ido da gefen mayafi, ta kamo hannun surukarta. "Yi haƙuri, 'yar nan. Allah Ya yi miki albarka."

Da ya gaya wa Sista wannan, ta ce ciwon yana bin jini, wanda mahaifinsa ko mahaifiyarsa suka yi shi ya fi wani kusa da shi, don haka duk 'yan ɗakinsu su zo a duba su.

Akwai abin da ba a hannun uwargida ko Sista yake ba. Ba adalci ba ne a ce wa lebura ya ci a hankali alhali rabin awa aka ba shi ya raba tsakanin alwala da salla da layi da ci. Heluma ya je wurin manaja ya roƙi a raba hutun kashi biyu don layin ya ragu, a kuma ajiye tankin ruwan sha mai sanyi kusa da ɗakin busarwa. Aka yarda da na farkon, na biyun aka ce ana dubawa. Ko wannan kaɗan ɗin ya sa yaransa sun fara samun wurin zama su ci. Gwamnati ta sa harajin naira 10 a kan kowace lita ta lemon zaƙi, ya fara aiki a 2022, amma a ganina bai kai ya sa mai ƙishi ya fasa saya ba. Ruwan sanyi kyauta a inda ake zufa, da hutun da ya ishi mutum ya tauna abincinsa, su ne za su fi tasiri a Challawa da Sharaɗa da Bompai, kuma kamfanin da ya yi haka kansa ya taimaka, don ƙwararren ma'aikacin da aka yanke wa ƙafa ba a maye gurbinsa a kwana ɗaya.

Bayan wata shida ya koma bai karya ba. Sikeli ya nuna kilo 86, tef ya nuna 96, na'ura ta rubuta 101. Baƙin wuyan ya fara dusashewa.

"Na fita ke nan, Sista?"

"Ka yi nisa da inda kake, amma saura. Ka ci gaba yadda kake, ka riƙa zuwa muna aunawa. In ya sake hawa zan haɗa ka da likita ya duba ko sai an ƙara da ƙwaya. Ina ƙanen naka da ka ce direba ne?"

Ƙanen nasa mota yake ja a wani kamfanin roba a Bompai, yini yake a kujera, kwalba ba ta rabuwa da gefen giyarsa, teɓarsa ma ta fi ta yayan a da. Sau biyu Heluma na yi masa magana yana mayar da abin wasa. Daren nan bayan Isha ya kira shi a waya.

"Yaya, lafiya da daren nan?"

"Lafiya lau. Ka ci tuwonka yanzu, daga shi kada ka ƙara komai sai ruwa. Gobe bayan Asuba zan biyo in ɗauke ka."

"Ina za mu? Ni fa lafiyata ƙalau, kuma ina da lodi ƙarfe tara."

"Kafin tara mun gama. Inna ce ta ce in kai ka. Ka sa riga mai sauƙin ɗagawa."